GOBARAR LANTARKI: ƘADDARA BA TA ƊAUKE ALHAKIN SAKACI

Wannan shi ne jawabin da wani ɗan uwa ma'aikacin lantarki ya gabatar a zaman ta'alimin mako-mako da ya haɗa 'yan uwa maza da mata a farkon shigowar hunturu. Mun rubuto maku shi kamar yadda ya gabatar, sai ɗan taƙaitawa saboda ƙarancin fili. A sha karatu lafiya.

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga fiyayyen halitta Annabi Muhammadu (S), da iyalan gidansa tsarkaka, da sahabbansa zaɓaɓɓu, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.



An nemi in ɗan yi bayani ne a kan gobarar da ke tashi daga kayan lantarki na gida, musamman dutsen guga da hita da makamantansu. Wataƙila wani ya ce, me ya kawo maganar dutsen guga wajen ta'alim? To amsar ita ce, malamai sun ce shari'a ta zo ne don ta kare abubuwa biyar: addini, rai, hankali, zuriya da dukiya. Gobara idan ta shiga gida, cikin rabin sa'a tana iya cinye rai da dukiya gaba ɗaya, ta cinye har Alƙur'anin da ke ɗakin. Saboda haka wannan magana ba ta fita daga addini ba.

Kuma Manzon Allah (S) da kansa ya yi ta. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Musa al-Ash'ari cewa wani gida ya ƙone da mutanensa da dare a Madina. Da aka ba Manzon Allah (S) labari, sai ya siffanta wuta da cewa maƙiyiya ce gare mu, ya yi umurni da a riƙa kashe ta idan za a kwanta barci. A wani hadisin ya faɗi dalilin kashe fitila, cewa ɓera yana iya jan lagwani ya ƙone mutanen gida. Abu Dawuda ma ya ruwaito cewa ɓera ya taɓa jan lagwani ya jefa shi a kan 'yar tabarmar da Manzon Allah (S) ke zaune a kai, har ya ƙona gwargwadon faɗin dirhami. To 'yan uwa, a wancan lokaci wutar gida ita ce ta murhu da ta fitila, wadda ido yana ganin ta. A yau mun shigo da wata wutar cikin ɗakunanmu, mun bi da ita ta cikin bango da saman silin, ba ta da harshe ba ta da hayaƙi sai ranar da ta ɓaci. Hukuncin dai ɗaya ne, domin illar ɗaya ce.

To bari mu fara da yadda waya take kama wuta, domin wanda ya san dalili ba ya bukatar a yi ta yi masa dogon wa'azi. Wutar da ake ba mu a gidaje ƙarfinta bolt 230 ne. Kowane abu da muke jonawa yana da gwargwadon abin da yake ja, ana rubuta shi a jikinsa da lamba da harafin W, wato wat. Ƙwan fitila irin na yanzu wat 10 ne ko ƙasa da haka. Fankar sama wat 70 zuwa 80. Amma duk abin da aikinsa shi ne ya yi zafi, to wannan mai cin wuta ne ƙwarai. Dutsen guga yana jan wat 1,000 zuwa sama da 2,000. Butar lantarki wajen 2,000. Rishon lantarki 1,000 zuwa 1,500 ko fiye. Wato dutsen guga ɗaya yana jan abin da ƙwan fitila ɗari suke ja.

Shi kuma soket ɗin bango mai baki uku, iyakar abin da aka yi shi ya ɗauka amfiya 13 ne, wanda idan ka lissafa ya kama wat 3,000 ba kaɗan. Yanzu ɗauki misalin safiyar Juma'a a gidajenmu. An kawo wuta, kowa yana sauri kada a ɗauke. Uwargida ta jona dutsen guga mai wat 1,200, yarinya ta jona buta mai 2,000, an ɗora wake a rishon lantarki mai 1,500, duk a ekstenshin ɗaya. Jimla wat 4,700 ke nan, wajen amfiya 20, a hanyar da aka yi wa 13. Kuma zafin da waya ke yi ba ya ƙaruwa daidai da nauyin da aka ɗora mata. Idan ka ninka nauyin sau biyu, zafin sau huɗu yake ninkuwa. Robar da ta rufe wayar sai ta yi laushi, ta narke, wayoyi biyu su haɗu, tartsatsi ya tashi. Idan akwai labule ko katifa kusa, shi ke nan.

Abin da ya ƙara ɓata lamarin shi ne, da yawan ekstenshin ɗin da ke kasuwa ko kusa da amfiya 13 ɗin ba za su iya ɗauka ba. Ka yanke wayar ka duba, roba ce mai kauri, a ciki 'yan siraran gasu kamar gashin masara. Wata ma ba jan ƙarfe ba ce, sanholo ne aka shafa masa launin jan ƙarfe. Ƙa'idar aikinmu ita ce wayar fitilu milimita 1.5, wayar soket 2.5, na'urar sanyaya ɗaki da babban murhun lantarki kuma a ja masu tasu wayar mai kauri daban. Amma sai mai gida ya ce a sa masa 1.5 ko'ina don ya rage kuɗi, wani ma'aikacin kuma ya karɓi kuɗin 2.5 ya sa 1.5 tunda ya san siminti zai rufe. Wannan algus ne, kuma Manzon Allah (S) ya barranta daga mai algus ga Musulmi. Ina kira ga 'yan uwana masu wannan sana'a, da masu sayar da kayan wuta, mu ji tsoron Allah. Wayar da ka binne a bangon mutum, yaransa ne za su kwana a ƙarƙashinta shekara da shekaru.

Sai mu zo kan dutsen guga, wanda shi ne asalin maganar. A cikinsa akwai wani ɗan ƙarfe da ke lanƙwashewa idan ya ji zafi, ya yanke wutar, idan ya huce ya koma ya sake haɗa ta. Shi ne ƙarar nan da kuke ji, ƙas, fitilar jikinsa ta mutu, jim kaɗan ta sake kamawa. Idan aka murɗa shi zuwa ɗigo ɗaya, zafinsa wajen digiri 110 ne, ɗigo biyu 150, ɗigo uku kuma, wanda ake guge shadda da yadin auduga da shi, wajen 200. Ruwa a digiri 100 yake tafasa, ku kwatanta ku gani. To idan wannan ɗan ƙarfen ya tsufa ya manne, ba abin da zai tsayar da zafin sai wani ɗan fis na kariya da masu ƙerawa suke sawa a ciki. Matsalar ita ce idan wannan fis ɗin ya ƙone aka kai wa mai gyara, sau da yawa sai ya cire shi ya haɗe wayar kai tsaye, ya ce ya gyaru. Ka ɗauko ka dawo gida kana murna, alhali an cire masa birki ne. Duk dutsen gugar da kika ga fitilarsa ba ta mutuwa, ko yana ƙona kaya a ɗigo ɗaya, ki ajiye shi.

Amma babbar hanyar da dutsen guga ke ƙone gidaje a ƙasar nan ita ce ɗauke wuta. Mace tana cikin guga a kan bargo a tsakar ɗaki, ko ma a kan katifa, sai a ɗauke wuta. Ta yi tsaki ta tashi. Dutsen yana nan kife a kan bargon, filoginsa na jikin bango, makunnin a kunne. Ta tafi gidan suna ko makarantar Islamiyya, ko dare ya yi kowa ya kwanta. Ƙarfe biyun dare a kawo wuta. Dutsen bai san ba kowa ba, aikinsa zai ci gaba da yi. Ya cinye bargon, ya kai ga ledar ɗaki ko soson katifa, shi kuwa soso idan ya kama, baƙin hayaƙi mai guba yake fitarwa, wanda kan kashe mai barci tun kafin harshen wuta ya iso gare shi. Mafi yawan waɗanda ke mutuwa a gobarar gida hayaƙi ne ke kashe su. Saboda haka ga ƙa'ida ɗaya da nake roƙon kowa ya riƙe ko da zai manta da sauran jawabin: da zarar an ɗauke wuta, kafin ka nemi tocila, kafin ka ce komai a kan NEPA, zare filogin duk abin da ke yin zafi. Kashe makunni kawai bai wadatar ba, don yaro na iya kunnawa, kuma a cikin duhu mutum kan rikice tsakanin kunnawa da kashewa. Zare shi, ka tsayar da dutsen a kan gindinsa a ƙasan siminti, inda yaro mai rarrafe ba zai kai ba.

Haka hitar ruwa, wadda ake tsomawa a bokiti. A hunturu kowane gida da ita. An tsoma ta a bokitin roba, an ɗauke wuta, an manta. Ko kuma an cire ta daga ruwan an rataye a jikin ƙusa ba a zare ta ba. Ita kuwa an yi ta ne don ruwa ya riƙa shanye zafinta. Idan ba ruwa, cikin ɗan lokaci kaɗan za ta yi ja wur, ta narkar da bokitin, robar ta kama. Ga kuma haɗarin jan wuta: kada a taɓa sa hannu a ruwan don a ji ko ya yi zafi alhali tana jone. Yara da yawa sun tafi ta wannan hanya. Masu dutsen guga na gawayi ma ba su tsira ba, domin garwashin da aka zubar a bayan ɗaki kusa da zana ko tarin kara, iskar hunturu na iya tayar da shi bayan kowa ya yi barci. A zuba masa ruwa, a tabbata ya mutu.

Akwai kuma abin da ya zama mana al'ada har ba mu ganin aibinsa. Filogi ya fashe, sai a fere wayoyin a cusa su a ramin soket, a tokare da tsinken ashana. Ko fis ɗin filogi ya ƙone, a naɗa masa takardar azurfa ta kwalin sigari ko ta cingam. Ko na wajen mita ya ƙone, a ɗaura masa waya mai kauri don kada ya sake damun mutane. 'Yan uwa, fis mai gadi ne. An yi shi siriri ne da gangan don idan nauyi ya yi yawa shi ya mutu, gidan ya tsira. Ƙonewarsa saƙo ne cewa akwai matsala. Wanda ya sa masa waya mai kauri kamar wanda ya ɗaure bakin mai gadi ne don ihunsa na hana shi barci. Sannan duk inda haɗi bai ɗauru da kyau ba, wuta tana tsallake ɗan giɓin, tana yin tartsatsi, wurin yana ɗaukar zafi ko da nauyin bai yi yawa ba. Alamominsa a fili suke: soket ya yi baƙi ko ruwan ƙasa, filogi ya yi zafi a hannu, ana jin ƙara kamar ana soya abu, ko warin ƙonanniyar roba mai kama da ƙarnin kifi. Duk wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan, ya daina amfani da wurin, ya kira wanda ya san aikin.

Kada wani ya ɗauka wannan matsalar talakan Nijeriya ce kawai. A watan Yunin 2017, a birnin Landan, wani dogon bene mai suna Grenfell ya kama da wuta, mutum 72 suka mutu, cikinsu akwai Musulmi da dama, kuma a cikin watan Ramadan ne. Bincike ya nuna wutar ta faro ne daga matsalar lantarki a firijin wani gida a hawa na huɗu, sannan kayan da aka lulluɓe bayan ginin da su suka kai ta har sama. Firiji ɗaya. A nan gida kuma ba mu manta da gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a watan Maris na 2016 ba, inda dubban shaguna suka ƙone, da ta babbar kasuwar Sakkwato a Janairun 2021, da ta babbar kasuwar Katsina a Maris na 2021. Duk wanda ya shiga kasuwanninmu ya ɗaga kai ya ga yadda wayoyi suka sarƙe kamar saƙar gizo-gizo, ga janareta, ga galan na fetur a cikin shago, ga hanya ta toshe yadda motar 'yan kwana-kwana ba za ta shiga ba, zai san cewa sitirar Allah ce kawai ke riƙe da mu.

Ba mu ce laifin duk na talaka ne ba. Hukumar NEPA da aka kafa a 1972 ta koma PHCN a 2005, aka sayar da ɓangaren rarraba wutar ga kamfanoni a 2013, suna ya canza sau nawa, amma har yanzu mutum bai san sa'ar da za a kawo wuta da sa'ar da za a ɗauke ba. Da wuta tana tsayawa, da mace ba ta yi guga cikin firgici ba, da ba a haɗa aikin yini guda a soket ɗaya cikin sa'a ɗaya ba. Jabun waya ta kan iyaka take shigowa, a gaban waɗanda aka ɗora wa alhakin hana ta. Unguwanni nawa ne ba su da famfon da motar kashe gobara za ta ɗebi ruwa? Wannan haƙƙi ne a wuyan masu mulki, kuma Allah zai tambaye su. Mun ga abin da ke yiwuwa idan hukuma ta so: bayan gobarar Mina a aikin Hajjin 1997, wadda ta ci alhazai sama da 300, an canza tantunan zuwa irin waɗanda ba su kama wuta. Amma zaluncin mai mulki ba ya ɗauke wa magidanci nasa nauyin. Manzon Allah (S) ya gaya mana kowannenmu makiyayi ne kuma abin tambaya ne a kan kiwonsa, ya ambaci namiji a cikin iyalinsa, ya ambaci mace a gidan mijinta.

Wannan ya kawo mu ga maganar ƙaddara. Idan gobara ta auku sai ka ji an ce haka Allah Ya so, a rufe maganar. Gaskiya ne ba abin da ke faruwa sai da izinin Allah, kuma wanda musiba ta sama muna yi masa jaje, muna ba shi haƙuri, muna taimaka masa, ba mu yi masa gori. Ya ma zo a hadisi cewa wanda ya mutu a gobara yana cikin masu samun ladan shahada. Amma wannan falala ce ga mamacin. Ba takardar wanke laifi ba ce ga wanda ya yi sakacin. Allah Ta'ala Ya hana mu jefa kawunanmu cikin halaka a aya ta 195 ta Suratul Baƙara. Mutumin da ya tambayi Manzon Allah (S) ko ya saki raƙumarsa ya yi tawakkali, umurtarsa aka yi ya ɗaure ta tukuna sannan ya dogara. Malaman fiƙihu kuma sun yi bayani cewa wanda ya kunna wuta ya yi sakaci da ita, ko ya ƙetare iyakar abin da aka saba, har ta ci dukiyar maƙwabcinsa, to akwai lamuni a kansa, wato biya. Mu da muke zaune a gidajen haya, ɗaki goma a ƙarƙashin kwano ɗaya da silin ɗaya, dutsen gugar da ka manta ba ɗakinka kawai zai ci ba. Wanda kuma ya saci wuta ta bayan mita da 'yar siririyar waya ba fis, ya haɗa laifi biyu, ya ci abin da ba nasa ba, ya kuma jefa unguwa cikin haɗari.

To idan abin ya riga ya auku fa? Na farko, kada a watsa ruwa a kan abin da ke jone da wuta, don ruwan zai kawo wutar jikin mai watsawa. A ruga a kashe babban makunnin gidan. Ina tambayar 'yan uwa mata, mutum nawa ne a nan suka san inda babban makunnin gidansu yake? Ina tambayar magidanta, wa ya taɓa nuna wa iyalinsa? Yau ɗin nan idan an koma gida a nuna wa kowa, har yaran da suka yi wayo. Idan da janareta ko sola ake amfani, a nuna masu inda ake kashe su. Bayan an yanke wutar, idan ƙarama ce a danne ta da yashi ko bargo mai kauri. Tukunyar kashe gobara mai hoda tana aiki a kan wutar lantarki, ya kamata a same ta a masallatanmu da makarantunmu da shaguna. Idan kuwa ta fi ƙarfi, a fitar da rayuka, a bar kaya. A duƙa ƙasa-ƙasa a fita, don hayaƙi sama yake taruwa. A jawo ƙofar ɗakin da ke ci a rufe don a rage mata iska. A kira 'yan kwana-kwana tun da wuri, ko lambar gaggawa ta ƙasa 112, kada a bari sai an gaji da guga da bokiti. Wanda ya fita kada ya koma don takardu ko akwati. Kuma ƙarafunan da muke sa wa tagogi don ɓarayi, a bar taga ɗaya wadda ƙarfenta ke buɗewa, a ajiye mabuɗin inda kowa ya sani, domin gidaje da yawa sun zama kurkuku ga masu su a daren gobara.

Idan wuta ta ja mutum, kada a kama shi da hannu. A kashe makunni, ko a ture shi da busasshen katako. Wanda ya ƙone kuma, a sa wurin a ƙarƙashin ruwa mai sanyi mai gudana har minti 20, a cire zobe da awarwaro kafin wurin ya kumbura, a rufe da tsumma mai tsabta a kai asibiti. Ba manja, ba ɗanyen ƙwai, ba man goge baki, ba ƙanƙara.

Sai 'yan abubuwa biyu a taƙaice. Wayar salula ba a cajinta a ƙarƙashin matashi ko a kan katifa, kuma batirin da ya kumbura a rabu da shi. Janareta ba a zuba masa mai yana aiki ko yana da zafi, ba a kuma kunna shi a cikin ɗaki ko zaure, domin hayaƙinsa yana ɗauke da gubar da ba ta da wari, wadda ta sha kashe iyali guda cikin barci.

Daga ƙarshe ina ba da shawara ga 'yan uwa cewa a kowace unguwa, waɗanda suka san aikin lantarki a cikinmu su ware rana ɗaya fi sabilillahi su zagaya masallatai, makarantun allo da na Islamiyya, da gidajen marayu da matan da mazansu suka rasu, su duba masu wayoyi. Masu hali kuma su sayi soket da filogi da fis. Sannan kowane magidanci ya mayar da ita al'ada, kamar yadda yake rufe ƙofa ya yi addu'ar kwanciya, ya zagaya ya ga dutsen guga a zare, hita a zare, risho a kashe, garwashi a mace. Wannan raya sunna ne, kuma akwai lada a cikinsa insha Allah.

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne. Allah Ya kare mu da iyalanmu daga wutar duniya da ta lahira. Waɗanda suka rasu a gobara Allah Ya karɓi shahadarsu, waɗanda suka yi asara Allah Ya mayar masu da mafi alheri. Wa sallallahu ala Muhammadin wa alihi wa sallam. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.